Fitilar inji ta kama a Porsche 911, makanike ya ce a cire tamostat: ina neman shawara

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da Porsche 911 Carrera S ƙirar 2006, mai injin lita 3.8, wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma tana hannuna a Abuja tun watan Afrilun bara ba tare da ta taɓa ba ni wata matsala ba. Makonni biyu da suka wuce, a tsakiyar wannan sanyin hunturu, na fito bayan sallar asuba na kama hanyar Kaduna, ban jima da wuce Zuba ba sai fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama, ta tsaya cak ba ta ƙiftawa. Motar ba ta rage ƙarfi ba, ba ta girgiza, kuma ban ji wani baƙon sauti ba. Abin da kawai na lura da shi shi ne allurar zafin ruwa, wadda ta saba tsayawa daidai a kan 175 tun da ma'aunin Amurka na Fahrenheit gare ta, ta tsaya ƙasa da wurin nan duk tsawon tafiyar, sai da na shiga cunkoson gari sannan ta koma mazauninta. A cikin cunkoson kuma allurar zafin baƙin mai ta haura fiye da yadda na saba gani.

Da na dawo na kai ta wani gareji, aka sa mata kwamfuta, aka goge fitilar, aka ce ba komai. Bayan kwana uku ta sake kamawa, ita ma da safe. Yanzu makaniken ya ce tamostat ne, wato ƙofar da ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi, kuma shawararsa ita ce a cire shi gaba ɗaya a haɗa fankoki kai tsaye, domin a cewarsa an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara. Zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba, shi ya sa na kawo ta gaban masana.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin mu shiga batun cirewa ko bari, ina so in san lambar da kwamfutar ta nuna, domin fitilar inji ita kaɗai ba ta faɗin komai, abubuwa ɗaruruwa ne ke iya kunna ta, tun daga murfin tankin mai da bai rufu da kyau ba har zuwa kwayil da ya mutu. Tun daga shekarar 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da tsarin gano matsalar mota da ake kira OBD-II, mai soket ɗin nan mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma duk lokacin da fitilar ta kama, ƙwaƙwalwar motar tana ajiye lamba tare da hoton yanayin da injin yake ciki a daidai wannan daƙiƙa: zafin ruwa, gudun mota, juyawar inji da nauyin da yake ɗauke da shi. Wanda ya goge fitilar bai rubuta waɗannan ba, ya share shaidar da za a yi hukunci da ita.

Da yake fitilar ta tsaya ba ta ƙiftawa, kana iya tuƙa motar a hankali zuwa wurin gyara. Da tana ƙiftawa ne, to wannan alama ce ta cewa wata silinda tana tsallake wuta, ɗanyen mai yana sauka cikin salansa yana ƙona abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, kuma a nan babu abin yi sai a tsaya a kashe. Ka koma a sake karantawa, kada ka bari a goge, ka ɗauko mana hoton allon.

Abban Sadiq:
Na gode, Injiniya. Na koma da yamman nan na tsaya a kansu har aka karanta. Lamba ɗaya ce tak, P2181. A bayanan da ta ajiye, zafin ruwa digiri 69 ne a ma'aunin Celsius, motar kuma tana gudun kilomita 104 a awa lokacin da abin ya faru.

Injiniya Bashir:
Madalla, yanzu muna da abin kamawa. P2181 tana nufin tsarin sanyaya inji ba ya aiki yadda aka tsara shi, kuma 'yar'uwarta da aka fi gani a wasu motoci ita ce P0128, wadda ke cewa ruwa bai kai zafin da tamostat ya kamata ya riƙe shi ba. Ƙwaƙwalwar motar tana lissafin yadda ya kamata ruwan ya ɗumama gwargwadon zafin da aka tayar da injin a kansa, da iskar da ya shaƙa, da lokacin da ya ɗauka yana aiki, sannan ta kwatanta lissafinta da abin da sensa ke gaya mata. Idan aka samu saɓani a tafiya ɗaya sai ta ajiye abin a ranta, idan ya maimaitu a tafiya ta biyu a jere sai ta kunna fitila. Wannan ne ya sa ta ɗauki kwana uku kafin ta dawo, kuma shi ya sa take kamawa da safe kawai, lokacin da injin ya kwana ya huce sarai, iskar hunturu kuma tana dukan lagireto.

Tamostat ɗin asali na wannan injin yana fara buɗewa ne a wajen digiri 83. Injin da ya yi tafiyar fiye da rabin awa a kan babbar hanya yana zaune a 69, ruwa ne yake zarcewa lagireto alhali ƙofar ya kamata ta kasance a rufe. Ke nan, Alhaji, ƙorafin motarka shi ne injin yana yin sanyi fiye da kima, kuma maganin da aka ba ka, wato cire tamostat, zai ƙara masa sanyin ne. Fitilar ba za ta sake mutuwa ba muddin aka yi haka.

Malam Habu Kano:
Ina yi wa Injiniya uzuri, amma bari in yi magana a madadin masu sifana a hannu, domin na haura shekara talatin a wannan sana'a. Ba jahilci ne ya sa iyayen gidanmu suke cire tamostat ba. A zamanin Peugeot 504 da 505, waɗanda ake haɗawa a Kaduna a lokacin, mun sha ganin motar da tamostat ya maƙale mata a rufe a tsakanin Wudil da Birnin Kudu cikin zafin watan Afrilu, kafin direba ya ankara ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe. Wanda ya ga irin wannan asara sau biyu sau uku, dole ya ce gara injin da ke sanyi da injin da ya ƙone. Ga kuma matsalar kayan jabu: ka sayi sabon tamostat a kwalinsa, ka ɗaura, bayan wata biyu ya maƙale. To makaniken da zai sha zagi in mota ta ƙone a hanya, me kake so ya zaɓa?

Ban ce a cire wa wannan motar ba, domin ban taɓa buɗe irinta ba, kuma ba na magana a kan abin da hannuna bai taɓa ba. Amma ina so a fahimci inda shawarar ta samo asali kafin a yi watsi da mai ita.

Injiniya Bashir:
Malam Habu, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, kuma babu wanda zai musanta cewa tamostat da ya maƙale a rufe ya fi wanda ya maƙale a buɗe haɗari nesa ba kusa ba. Inda muka rabu shi ne motocin da kuka koyi aiki a kansu kafireta gare su, babu ƙwaƙwalwar da ke auna zafin ruwa tana yanke hukunci da shi. A injin zamani, zafin ruwa yana cikin manyan abubuwan da ake lissafin mai da su. Muddin ƙwaƙwalwa tana ganin injin bai gama ɗumama ba, za ta ci gaba da ƙara masa mai kamar wanda aka ja wa cok aka manta, kuma wannan rarar mai ba ya ƙonewa duka: wani yana wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, wani yana gangarawa ya tsinka baƙin man da ke ƙasa, wani kuma ya bi hayaƙi ya gajiyar da indomi. Shi kansa baƙin man yana bukatar ya yi zafi sosai kafin danshin da ke taruwa a cikinsa ya fita.

A wannan injin na M97 abin ya fi nauyi, domin masu shi a duniya sun san shi da saurin samun karce a bangon silinda, musamman a ɓangaren silinda ta 4 zuwa ta 6, kuma bangon nasa ba na baƙin ƙarfe ba ne da za a kai wa mai injin gora ya faɗaɗa a sa fistin mai girma, alminiyom ne mai sinadarin silikon. Duk abin da zai rage wa wannan bango maiƙo, bai kamata a kusance shi ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: a injuna da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsarewa, yana buɗe hanyar lagireto yana kuma rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin injin kawai. In aka cire shi, wani kaso na ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar ba ya zuwa lagireto, sai a samu motar da ke sanyi a kan hanya amma tana zafi a cunkoso, wato an yi asara ta fuska biyu.

Batun haɗa fanka kai tsaye kuma, a gudun kilomita 100 iskar da ke shiga ta bamba ta fi ƙarfin abin da fanka ke ja, don haka ba ta ƙara komai sai cin batir da gajiyar da kanta.

Usman Mai Wayarin:
Ranku ya daɗe, ni aikina wutar mota ne, kuma ina roƙon kada a yanke wa tamostat hukunci tukuna, domin ita ƙwaƙwalwa ba ta taɓa ruwan da hannunta, abin da sensa ya gaya mata shi take ɗauka. Na sha ganin an canza tamostat lafiyayye alhali sensar zafin ruwa ce ta tsufa, ko kuma soket ɗinta ya yi kore da tsatsa. Irin wannan sensa juriyarta tana raguwa ne yayin da zafi ke ƙaruwa, wajen ohm 2,500 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80, saboda haka duk wata tsatsa da ta ƙara juriya a kan waya, ƙwaƙwalwa za ta karanta ta a matsayin sanyi.

Gwajin ba shi da wahala, Alhaji. Ka bar motar ta kwana, da asuba kafin a tayar da ita a kunna makulli kawai, a duba zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga inji a kan kwamfuta. Tun da duka biyun sun kwana a wuri ɗaya, ya kamata su yi kusa da juna, bambancin bai wuce digiri biyu ko uku ba. Daga nan a tayar, a bar allon a buɗe, a sa ido a kan lambar: idan tana hawa sannu a hankali ba tsalle, sensa tana da gaskiya, idan tana tsalle daga 60 zuwa 40 ta dawo, waya ce ko soket. Sannan a ɗora hannu a kan babban tiyon da ke ɗaukar ruwa zuwa lagireto. In tamostat lafiya yake, tiyon zai zauna da sanyi na tsawon lokaci sannan ya yi zafi kusan a lokaci ɗaya. In a buɗe ya maƙale, za ka ji yana ɗumi-ɗumi tun mintunan farko, yana tafiya tare da injin. A kula da bel da fanka lokacin da ake wannan. Ƙaramar na'urar ELM327 da waya ta isa ta nuna waɗannan lambobi, ba sai an nemo PIWIS, kwamfutar gwaji ta kamfanin Porsche, ba, ko da yake ita ce ke shiga sauran sassan motar.

Hajiya Maman Ilham:
Ni ba makanikiya ba ce, amma ina zaune a Jos, inda sanyin Disamba da Janairu ke tona asirin duk motar da aka cire wa tamostat. Na taɓa sayen mota ƙirar Jamus a hannun wani, ashe an cire mata tun kafin ta zo hannuna, kuma abin da ya fara nuna mini shi ne hita: in na fito kai yara makaranta da safe, sai mu kai har ƙofar makaranta iskar da ke fitowa ba ta yi ɗumin kirki ba, gilashi kuma ya yi ta hazo. Mai kuma tana sha kamar an huda tanki. Da aka mayar mata da shi, a makon farko na ga bambanci a gidan mai. Alhaji, ka gwada hitar motarka da safe ka gaya wa su Injiniya abin da ka ji, wataƙila ya ƙara musu haske.

Abban Sadiq:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da asuba na yi yadda Malam Usman ya ce. Kafin a tayar, ruwa 19 ne, iska 20. Da aka tayar lambar ta yi ta hawa a hankali babu tsalle ko ɗaya, kuma tiyon ya fara ɗumi tun zafin bai kai 50 ba. Hita ma, Hajiya, ɗumin nata bai taka kara ya karya ba. Daga nan muka hau hanyar filin jirgin sama, yaron gareji yana riƙe da wayar yana karanto mini, zafin ya yi ta kai da komo tsakanin 68 da 72. Amma da muka dawo muka shiga cunkoso da esi a kunne, sai ya haura har 104, alhali allurar dashbod tana zaune a kan 175 kamar babu abin da ke faruwa. Wannan ya ɗaure mini kai: yaya injin da ake cewa yana sanyi zai kai 104?

Malam Habu Kano:
To, Alhaji, a nan ne tsohon hannu zai yi amfani. Na yarda da Injiniya da Usman cewa tamostat ɗinka a buɗe ya maƙale, shaidar ta cika. Amma tamostat da ke buɗe ba ya sa mota zafi a cunkoso, saboda haka cuta biyu ce a jikin motarka, ɗaya tana ɓoye ɗaya. Tun da an ce injin yana baya, lagireto suna gaba a ƙasan fitilu dab da ƙasa, to ka sa a cire bamba a duba bayan kondensar esi. A garuruwanmu ƙurar hunturu da ledar ruwa da busasshen ganye suna shiga tsakanin kondensa da lagireto su dunƙule kamar tabarma, daga waje ba ka ganin komai. A kan hanya iska mai ƙarfi tana ratsawa ta inda ya rage, a cunkoso kuwa fanka ba ta iya jan iska ta cikin wannan datti. A kuma tabbatar fankokin biyu duka suna juyawa, domin in ɗaya ta mutu ɗayar ba za ta riƙe ba.

Sabon tamostat kuma, ko daga ina ya fito, kada a ɗaura shi sai an gwada. A sa shi a tukunya da ruwa a kan wuta tare da ma'aunin zafi, a rataye shi da waya kada ya taɓa gindin tukunya, a ga a digiri nawa ya fara buɗe baki, a sauke a ga ya koma ya rufe ruf. Kakin da ke cikinsa ne ke narkewa ya kumbura ya tura sandar, in na jabu ne a nan yake nuna halinsa. Minti goma ne, amma ya fi a sake zubar da ruwan mota.

Injiniya Bashir:
Wannan karatu na Malam Habu shi ne daidai, kuma ya ga abin da ni na tsallake. Game da allura, Alhaji, an tsara ta ne ta zauna a tsakiya a cikin faɗin zafin da ake ɗauka na al'ada, don kada direba ya riƙa firgita da kowane hawa da sauka, shi ya sa allurar baƙin mai ta fi ta faɗin gaskiya. Shi 104 bai kai tafasa ba, domin ruwan yana ƙarƙashin matsi kuma gauraye yake da kulant, amma ya nuna cewa babu sauran rara mai yawa idan zafin Maris da Afrilu ya shigo.

Tun da za a zubar da ruwa, ina ba da shawarar a duba famfon ruwa a lokaci guda, domin maƙwabcin tamostat ne, fukafukansa na roba ne, kuma in sun tsufa suna iya karyewa gutsattsarin su shige hanyoyin ruwa na kan silinda. Mota mai wannan shekaru, in ba a san ranar da aka canza shi ba, gara a canza. A duba tankin ruwa da murfinsa ko akwai tsaga ko farin busasshen tabo. Wajen zubawa kuma a yi hattara ƙwarai: wannan motar tana cin ruwa fiye da lita 20, bututunta sun taso daga baya har gaba sun dawo, iska tana maƙalewa a cikinsu cikin sauƙi, don haka a yi amfani da na'urar da ke zuƙe iska kafin ta ja ruwan, a kuma bar bawul ɗin fitar da iska da ke kan tankin a buɗe a zagayen farko. A sa kulant mai ruwan hoda irin wanda aka tsara mata, rabi da rabi da tataccen ruwa, kada a haɗa shi da kore, kada kuma a sa ruwan rijiya ko na burtsatse, domin gishirinsa yana cin alminiyom.

Abban Sadiq:
Wanda zai aiko mini da kayan daga waje ya ce akwai tamostat mai buɗewa a digiri 71 da masu irin wannan mota suke sawa, ya ce zai fi dacewa da zafin ƙasarmu. Me kuka gani?

Injiniya Bashir:
Akwai shi, kuma akwai masu gyaran waɗannan injuna da suke son sa, hujjarsu ita ce yana sa ruwa ya fara zagayawa da wuri ya rage zafin da ke taruwa a wasu silindu. Sai dai a sani cewa da zarar tamostat ya buɗe gaba ɗaya, na 71 da na 83 duk ɗaya suke, abin da ke yanke iyakar zafi a cunkoson watan Afrilu shi ne tsabtar lagireto da ƙarfin fanka. Kai kuma matsalar da ta kawo ka ita ce ƙwaƙwalwa tana ƙorafin sanyi. Ni dai da motata ce, na asali zan mayar, in ga lambobin sun daidaita, in san cewa na warke daga cutar farko kafin in shiga gwaji.

Abban Sadiq:
Jama'a, ga yadda aka ƙare bayan kwana goma sha biyu. Na canza gareji, kayan sun iso, na kuma tsaya aka yi aikin a gabana. Da aka ciro tsohon tamostat, yana hannun makanike a sanyi amma bakinsa a buɗe, ana hango haske ta tsakaninsa, ratar ta kai a zura bakin sukundireba. Sabon mun dafa shi a tukunya kamar yadda Malam Habu ya ce, ya fara motsi a wajen 83, ya kuma koma ya rufe da ya huce. Da aka cire bamba aka ɗaga kondensa, abin da aka kwaso daga ɓangarorin biyu ya kusa cika bokitin fenti: ƙura da ta zama laka ta bushe, ganyen darbejiya, ledoji, har da gashin tsuntsu, kuma kusurwar ƙasa ta lagireton dama ta fara cin tsatsa, ko da yake ba ta yoyo tukuna. Fankoki biyun suna aiki. Famfon ruwa fukafukansa cikakku ne amma yana da ɗan wasa a hannu, don haka na sa sabo.

Yanzu kwana biyar ke nan ina fita da asuba da wayar a haɗe. A kan hanya zafin yana zama tsakanin 86 da 90, a cunkoso da esi bai wuce 96 ba, hita tana ƙona hannu kafin in fita daga unguwa, fitilar kuma ba ta dawo ba. Malam Habu, wannan lagireton dama da ya fara tsatsa, in bar shi zuwa bayan damina ko in yi odarsa tun yanzu?

Malam Habu Kano:
Ka yi odarsa yanzu, Alhaji, ka haɗa da na hagu, domin tare suka sha wannan laka kuma shekarunsu ɗaya. Kafin su iso, kowace safiya ka leƙa ƙarƙashin bamba ta dama ka ga ko akwai ɗigon ruwan hoda a ƙasa, ka kuma duba tankin ruwa injin yana sanyi. In ka ga ya fara raguwa ko da kaɗan ne, ka ajiye ta har kayan su zo.